Uwa ɗaya, uba ɗaya, jini kala uku: don Allah a warware mini rabuwar ƙwayoyin jiki

Maman Khalifa, Tudun Jukun

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da masana ke rubutawa a nan, ban taɓa sa baki ba. Yau tura ta kai bango, shi ya sa na ce bari in kawo tawa.

Ni tela ce, ina ɗinkin kayan mata a cikin gida. An ɗaura mana aure da maigidana a 2008, lokacin a unguwarmu ba wanda ke zancen gwajin jini kafin aure, mu ma ba mu yi ba. Allah Ya azurta mu da 'ya'ya huɗu. Khalifa ne babba, shekararsa 16, shi AA ne. Nana mai bi masa AS ce. Sadiq mai shekara bakwai SS ne, kuma a kansa ne muka san cewa ni da babansu dukanmu AS ne. Sai auta Hanan, watanta goma.

Lokacin da aka gano ciwon Sadiq an zaunar da mu aka ce masu irin jininmu, ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da sikila. Ni na ɗauki maganar yadda kunnena ya ji ta: in mun haifi huɗu ɗaya ne zai ɗauka, to ga Sadiq ya riga ya ɗauka. Da wannan lissafin na raini cikin Hanan hankalina kwance. Wata uku da suka wuce na tashi da asuba zan ba ta nono, sai na ga bayan hannunta ya kumbura, 'yan yatsun sun yi suntum, ko zanen goyo ya taɓa su sai ta tsala ihu. Ban jira kowa ya faɗa mini ba, na san wannan kumburin, na gan shi a hannun Sadiq. Muka hau Keke Napep zuwa Kwangila, daga nan muka shiga motar Shika zuwa asibiti. Sakamako ya fito SS.

Tun daga ranar magana ba ta mutu ba a gidan surukaina. Da na haifi Nana na zubar da jini sosai, aka ƙara mini leda biyu. Yayar maigidana ta kafe a kan cewa wannan baƙon jinin ne ya ɓata nawa. Hujjarta ita ce biyun farko lafiyarsu ƙalau, biyun da suka zo bayan ƙarin jinin su ne marasa lafiya. Wata kuma ta ce shekaru ne, tunda na kai 37. Ba na iya ba su amsa, kuma in na kwanta da dare hujjar yayar tasa tana tsaya mini a rai.

Abin da ya kawo ni nan kuwa Khalifa ne. Makon jiya almakashi ya yanke ni a ɗan yatsa ina yanka atamfa. Shekaranjiya da dare yana karatun bayoloji kusa da kekena, ya kama yatsan ya duba inda ya fara haɗewa, ya ce, "Umma, kin san yadda wannan ke warkewa? Ƙwayoyin fatarki ne ke rabuwa biyu-biyu, kowace sabuwa sak uwarta, ba bambanci ko kaɗan." Ya ce sunan abin maitosis. Na ce to, in haka jiki yake yi, kullum yana fitar da irin kansa sak, yaya aka yi ku huɗu ciki ɗaya kuka fito, ubanku ɗaya, amma jininku kala uku? Ya ce akwai wata rabuwar ta biyu, meyosis, ita ce ta haihuwa, amma su sunayen matakan kawai suka haddace saboda jarrabawa. Ya buɗe mini littafin, na ga zane kamar tsutsotsi sun yi layi, ban gane komai ba.

Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani da Hausa yadda zan gane. Ina so in san yadda aka yi biyu suka samu alhali an ce ɗaya cikin huɗu, kuma in san ko da gaske daga jikina abin ya canza.

Malam Na-Samaru

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah Ya ba Sadiq da Hanan lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Shekara 19 ke nan ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma tambayar da kika yi wa Khalifa da ita ya kamata mu malamai mu riƙa buɗe wannan darasin. Tunda ke tela ce da zare zan yi miki bayani, don ni ma da zaren saƙa nake koyar da shi a aji.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani sai da madubin likita, yawansu ya kai wajen tiriliyan 30. In kin cire jajayen ƙwayoyin jini, a tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai zarurruka 46 da ake kira kuromosom. A jikinsu aka rubuta umarnin yadda jiki zai ginu, daga launin fata har irin jini. Zarurrukan nan bibbiyu suke, wato ɗauri 23, kowane ɗauri zare biyu, ɗaya daga mahaifinki ɗaya daga mahaifiyarki. Ki ɗauka na mahaifinki shuɗi ne, na mahaifiyarki ja. Masana sun sa wa kowane ɗauri lamba, kuma maganar sikila duk a ɗauri na 11 take. A can ne ake karanta wani sashe na umarnin haɗa hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Da aka ce ke AS ce, ma'anarsa ɗaya daga zarenki na 11 yana ɗauke da A, ɗayan yana ɗauke da S. Bambancin A da S ɗin ma harafi ɗaya ne tak a cikin rubutun.

Abin da Khalifa ya faɗa miki kan yatsanki daidai ne. Kafin ƙwaya ta rabu sai ta fara kwafe zarurrukanta, kowanne cikin 46 ɗin ya zama biyu manne da juna. Sai su nannaɗe su yi gajeru su yi kauri, su ne abin da kika gani kamar tsutsotsi. Daga nan su yi sahu ɗaya a tsakiyar ƙwayar, wasu siraran igiyoyi su kama kowane zare su raba shi da kwafinsa, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta tsinke gida biyu, kowace da zare 46 cif, ja da shuɗi duka. Nannaɗewar, jeruwar, janyewar da rufewar su ne furofes, metafes, anafes da telofes da Khalifa ya haddace. Rabuwar kanta ba ta cika wuce awa guda ba. Sunan maitosis ɗin ma daga kalmar zare ya fito a harshen Girka, wani Bajamushe Walther Flemming ya raɗa shi a 1882 saboda abin da ya gani a madubi.

Wannan rabuwar ba ta hutawa. Da ita jariri ke tashi daga ƙwaya ɗaya ya zama mutum. Da ita shimfiɗar cikin hanji ke sabuntawa duk bayan 'yan kwanaki, fata kuma kamar duk wata. Ɓargon ƙashinki kaɗai yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Duk waɗannan a jikinki AS suke fitowa, jiya da yau da gobe.

Meyosis kuwa wuri biyu kawai ake yin ta: a marainan namiji da ma'ajiyar ƙwan mace. Dalilinta lissafi ne mai sauƙi. In kin ba ɗa 46 babansa ya ba shi 46, ya zama 92, jikoki su ninka haka. Saboda haka dole kowannenku ya ba da rabi, 23. A nan kwafi sau ɗaya ake yi, amma rabuwa sau biyu. A rabuwar farko, kowane zare yana neman abokin ɗaurinsa, shuɗi na 11 ya kwanta jikin ja na 11. Suna manne ɗin nan sai su yi musanya: a yanke su a daidai wuri ɗaya, guntun ja ya koma jikin shuɗi, guntun shuɗi ya koma jikin ja. A aji almakashi nake sawa in yanka in ƙulla a gaban yara. Sannan abokan su rabu, ɗaya nan ɗaya can, kuma kowane ɗauri gaban kansa yake ci: ɓangaren da na 11 ya bi ba ruwan na 5 da shi. Rabuwa ta biyu ita ke raba kowane zare da kwafinsa. A namiji ƙwayoyin maniyyi huɗu ke fitowa, a mace ƙwai ɗaya ne ke cika, sauran su shanye.

Ki ninka 2 sau 2 har sau 23, zai ba ki 8,388,608. Yawan hanyoyin da zarurrukanki za su iya haɗuwa a ƙwai ɗaya ke nan, tun ba a sa musanyar nan a lissafi ba. Babansu ma haka. Shi ya sa Nana ba ta zama Khalifa ba.

To, kowane ƙwai naki zare na 11 guda ɗaya ne a cikinsa, ko mai A ko mai S, rabi da rabi. Maniyyin babansu ma rabi A rabi S. A ya gamu da A, ga Khalifa. A ya gamu da S, ko daga gare ki S ɗin ya zo ko daga gare shi, ga Nana. S ya gamu da S, ga Sadiq da Hanan. Haɗuwa huɗu, ɗaya ce ke ba da SS, wannan ne ɗaya cikin huɗun. Sai dai a kowane ciki sabon lissafi ake yi, ƙwan wannan watan bai san abin da na shekara bakwai baya ya ɗauko ba. In aka tara gidaje 256 irin naku, kowanne da 'ya'ya huɗu, lissafi ya nuna kamar 81 ba za su ga SS ko ɗaya ba, 108 za su sami ɗaya, 67 za su sami biyu ko fiye. Wato abin da ya same ku yana samun wajen gida ɗaya cikin huɗu.

Ki gwada da hannunki. Kwano biyu, naki da na babansu, kowanne ki sa farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Ki rufe ido ki ɗauko ɗaya nan ɗaya can, ki rubuta, ki mayar da su, ki sake. Mayarwar nan ita ce muhimmiya.

Abu Amatullah, Sabon Gari

Allah Ya saka da alheri, Malam, na ƙaru ƙwarai. Maman Khalifa, Allah Ya yaye musu. Amma Malam akwai abin da na gani da idona da ya sa ban yi saurin watsi da maganar ƙarin jini ba. Ƙanena SS ne tun yana yaro. Bara ciwon ya tashi masa sosai aka ƙara masa leda uku. Bayan an sallame shi da kamar sati biyu wajen aiki suka nemi takardar jinotaif, ya je ya yi gwaji, takarda ta fito AS. Har gida aka yi ta murna, Inna ta yi sadakar ƙosai. In jinin wani zai iya mayar da SS ya zama AS, me zai hana ya canza na mai lafiya? Ba musu nake yi ba, so nake in gane.

Anti Rabi, Gyallesu

Abu Amatullah, na gode da ka kawo wannan, don kusan duk wata sai na ga irinsa. A ɗakin gwajin jini nake aiki. Takardar ƙanenka ba ƙarya ta yi ba, abin da ke yawo a jijiyarsa ranar ta faɗa. Na'urar tana duba hemogulobin ɗin da ta tarar ne, ta tarar da nasa S gauraye da A na wanda ya ba da jinin. Amma jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da zarurrukan da Malam ya yi bayani, tana zubar da su tun kafin ta baro ɓargo, don haka ba ta rabuwa, ba ta haifar wata. Kwananta wajen 120 ne ta mutu. Jinin leda baƙo ne mai kwana ƙidayayye, ɓargon ƙanenka kuwa yana nan yana fitar da SS. Shi ya sa muke tambaya ko an yi wa mutum ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce kafin mu yi gwajin. Don Allah ya koma ya sake, kuma kada ya kai waccan takardar wajen neman aure.

Maman Khalifa, 'yar'uwa, ki saki ranki da maganar leda biyun nan. Kafin Nana ta iya zama da kyau jinin ya riga ya ƙare a jikinki. Akwai kuma abin da ya fi wannan. 'Ya mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, wajen miliyan 1 zuwa 2. Suna fara meyosis tun tana cikin mahaifiyarta, sai su tsaya a matakin farko su yi ta jira shekara da shekaru. Bayan ta balaga ne duk wata ɗaya zai ƙarasa rabuwar farko ya fito, ta biyun kuma ba ta kammaluwa sai maniyyi ya shige shi. Ƙwan da ya zama Hanan yana jikinki tun kina cikin mahaifiyarki, da A ɗinsa da S ɗinsa da kika gada. Jinin da aka ƙara miki ba shi da hanyar shiga can ya sake rubutu. Kuma ya kamata yayar maigidanki ta san wannan: ba a samun SS sai S biyu sun haɗu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. S ɗin da ƙanenta ya bayar daga iyayensu ya gado shi, ita ma ya kamata ta san nata jinin saboda 'ya'yanta. Ba don a mayar da laifi kan gidansu na faɗa ba. Babu mai laifi a cikinku, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S, kuma ya yawaita a ƙasashenmu ne saboda mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara a ƙasar nan.

Wataƙila kin yi mamakin yadda Hanan ta yi wata shida lafiya lau kafin hannun ya kumbura. Jariri yana zuwa da wani irin hemogulobin na cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana raguwa a hankali, wajen wata shida na S ya karɓi wuri, lokacin ne alamu ke fitowa. Maganin nan haidiroksiyuriya da likitoci ke ba wasu masu sikila aikinsa ke nan, ya sa jiki ya ƙara yin wancan na jarirai. Ki tambayi likitansu a kansa, kada a saya a kemis a sha da ka, don sai ana bin sa da gwajin jini.

Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, ba 120 ba. Ke nan ɓargon Sadiq da Hanan yana ta maitosis ba dare ba rana don ya cike giɓin, kuma duk kwafin zare yana cin folik asid. Ƙaramar ƙwayar maganin folik asid ɗin nan da ake ba ku kullum abincin wannan aikin ce, kada a yi wasa da ita. Haka maganin rigakafin maleriya da gidan sauro, da alluran rigakafi, da fenisilin in an rubuta wa Hanan. Ga hunturu ya kusa, kin san sanyin Zariya da asuba: safa, hula, ruwan wanka mai ɗumi, da yawan shan ruwa ko ba su ji ƙishi ba. In jikin Hanan ya yi zafi, ko kika ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, ko gefen hagu na cikinta ya kumbura ya yi tauri, kada ki jira gari ya waye.

Tunda za ki ji ana zancen dashen ɓargo, gara ki ji shi daidai. Ana sa wa mai sikila ɓargon wani, sabon ɓargon ya riƙa rabuwa yana fitar da jinin mai shi. A Nijeriya an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Yana da tsada da haɗari, kuma sai ɓargon ya dace. Dacewar a ɗauri na 6 ake duba ta, kuma tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya ita ma ɗaya cikin huɗu ce. Wanda aka yi wa dashen jininsa yana canzawa, amma ƙwansa ko maniyyinsa na nan da S, zai ba 'ya'yansa.

Maman Khalifa, Tudun Jukun

Malam, Anti Rabi, Allah Ya biya ku da Aljanna. Na karanta sau uku, na biyun ina kuka, musamman inda Anti ta ce ƙwan Hanan yana jikina tun ina cikin Innata. Innata ta rasu shekara huɗu ke nan, ba ta ga Hanan ba.

Jiya bayan isha muka yi gwajin waken. Ba ni da jan wake, sai na ɗauko maɓallai daga gwangwanin ɗinki, fari biyu ja biyu masu girma ɗaya, na sa a kwanukan sha biyu. Nana ta ɗaura ɗankwali a ido tana ɗauka, Khalifa yana rubutawa a bayan littafin awona. Sau 40 muka yi, ya ja layi bayan kowane huɗu ya ce gida ɗaya ke nan. Ja da ja ya fito sau 11. A gida goman nan, uku ba su samu ko ɗaya ba, huɗu sun sami ɗaiɗai, biyu sun sami bibbiyu irin namu, ɗaya kuma har uku. Da na ukun ya fito a wannan gidan Nana ta cire ɗankwalin ta ce ita ba za ta ƙara ɗauka ba, tausayinsu take ji. Babansu yana zaune bakin ƙofa yana kallo bai ce komai ba. Da muka gama ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in ajiye maɓallan, ranar Juma'a zai tafi da su gida wajen Hajiya da yayarsa, shi zai yi musu bayani da bakinsa. Ya kuma ce mu zauna da likita kan maganar haihuwa nan gaba, wadda a da ko tayar da ita ba ya so a yi.

Saura maganar shekaru, Malam, ba a taɓo ta ba. Sai kuma Nana. Tunda na ji ita ma da nata ƙwayayen aka haife ta, tun jiya nake kallonta.

Malam Na-Samaru

Madalla da wannan gwaji, Maman Khalifa, sakamakonku ya zo kusa da lissafi ƙwarai. Ki gaishe mini da babansu.

Shekaru ba su da hannu a sikila. Kina 20 ko kina 40, rabin ƙwayayenki A ne rabi S. Abin da shekaru ke taɓawa daban ne. Ƙwan da ya daɗe yana jira a tsaye, kamar yadda Anti Rabi ta faɗa, wani lokaci abokan ɗauri sukan ƙi rabuwa, su tafi ɓangare ɗaya tare. Ƙwan ya fito da zare 24 maimakon 23. In ɗauri na 21 ne abin ya shafa, yaron yana zuwa da zare 47, shi ne lalurar da ake kira Down, wadda likitoci a Faransa suka gano dalilinta a 1959. Yiwuwar hakan tana ƙaruwa bayan mace ta wuce 35, duk da haka mafi yawan masu haihuwa a waɗannan shekarun lafiyayyu suke haifa. Ba wannan ne ya sami Hanan ba, zarurrukanta 46 ne cif.

Tunda ana zancen ɗora wa mata laifi, bari in ƙara ɗaya da ke ci mini rai. Ɗauri na 23 shi ke raba mace da namiji. Mace XX ce, duk ƙwanta X yake ɗauka. Namiji XY ne, meyosis ɗinsa ke fitar da rabin maniyyi da X rabi da Y. Na san matan da aka yi wa kishiya, har da wadda aka saka, wai don 'ya'ya mata take haihuwa, alhali ba daga ƙwanta bambancin ke zuwa ba.

Nana lafiyarta ƙalau, kuma za ta yi rayuwarta kamar ke. Rabin ƙwayayenta suna da S. In ta auri AA babu ɗanta da zai zo da SS, in ta auri AS kwanukan nan biyu ne za su dawo. Ta riga ta ga abin da idonta jiya, don haka in lokaci ya yi a yi gwajin tun kafin magana ta yi nisa, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, kuma a wurin gwaji amintacce. Khalifa shi AA ne, ba shi da S ɗin da zai bayar. Sadiq da Hanan in Allah Ya raya su, AA za su nema.

Khalifa kuma, ga aikinka. Ka sami albasa ka ɗora gindinta a bakin kofi mai ruwa, ruwan yana ɗan taɓa ta. Kwana uku zuwa huɗu za ta fitar da fararen saiwoyi. A can ƙarshen saiwar ne ƙwayoyi suka fi rabuwa. Ka kai wa malaminku ka roƙe shi ya yanko ɗan tsinin, ya sa masa rini, ya danne a gilashi ku duba a madubi. Albasa zare 16 gare ta, sun fi namu sauƙin gani. Namu sai a 1956 aka tabbatar 46 ne, kafin nan littattafai 48 suke cewa. Ka nemo ƙwayar da zarurrukanta suka yi sahu a tsakiya da wadda aka fara ja gabas da yamma, ka zana su da hannunka ka kawo wa Ummanka.

Maman Khalifa, Tudun Jukun

Na gode, Malam, zai ji gaisuwa. Albasar tana kan kofi a bakin taga tun da safe, Sadiq ya ce shi zai riƙa canza mata ruwa. Talata muke da ganin likita a Shika, na rubuta sunan maganin da Anti Rabi ta faɗa a bayan katin Hanan don kada in manta. Abu Amatullah, in ƙanenka ya sake gwajin don Allah ka dawo ka faɗa mana.